Baƙon da Bai Sha Fura Ba

Ranar kasuwa ce, Dakoro ta cika da kukan shanu da cinikin dillalai, aka kira ni daga tasha wai ina da saƙo. Na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, da sauran alli a yatsuna, ina tafe ina mita, don na san daga wa saƙon yake. Yayanmu Zakiru gwanin aike ne. Tun da ya tafi Turai karatu, ya zarce da aiki a wata cibiya ta masu binciken sararin samaniya, babu abin da bai aiko mana ba: magani, atamfa, fitila mai cin rana, har da tabarau na Inna wanda ta adana a ƙasan akwati don kada ya tsufa. Abu ɗaya ne bai taɓa sakawa a mota ba, shi ne kansa.

Kwalin da na tarar ya fi ƙarfina, sai da aka ɗora mini shi a amalanke. A zauren gida ni da ƙanena Isufu muka yanke igiyoyin. Isufu magidanci ne, sana'arsa gina rijiya da yasa, hannunsa bai saba da lallaɓa abu ba, sai da na yi ta kwaɓarsa. Abin da ya fito daga cikin kwalin girmansa bai wuce ɗan akuya ba. Yana da tayoyi shida, da dogon wuya, a saman wuyan akwai gilashi irin na salula da idanu biyu, a gadon bayansa kuma faifan shan rana. Na danna inda aka yi alama. Wata koriyar fitila ta kama, gilashin ya yi haske, sai ga fuskar Zakiru tana mana dariya.

"Salamu alaikum, mutanen gida! Ga ni na iso."

"Kai ka iso, ko akuyarka?" in ji ni.

"Ramla, har yanzu bakinki bai mutu ba? Wanga robo ne. Ƙanen waɗanda muke ƙerawa ne don a aika su duniyar wata. Ina zamne ɗakina ina tuƙa shi, in dai akwai rezo, layin nan da salula ke kamawa. Duba."

Abin ya juya wuya, ya gangara ya zagaye Isufu, ya tsaya a kan ƙafarsa. Isufu ya yi tsalle yana salati, ni kuwa na yi dariya har na dafa bango.

Da muka natsu Zakiru ya faɗa mana abin da ke tafe da shi. An zaɓe shi cikin waɗanda za su ƙera robon da za a saukar a duniyar wata, aikin da zai ƙara riƙe shi a can shekaru. Sun ba shi zuwa ƙarshen damina ya ba da amsa. Shi kuwa ya rantse ba zai ce to ba sai Inna ta sa albarka.

"A salula Inna ba ta tsayawa," ya ce. "Ina cewa ina kwana, ta ce lahiya, ta miƙa miki. Shi ya sa na ce bari in zo tsakar gida, inda ba ta da wanda za ta miƙa ma ni."

A nan sai na yi wa wanda bai san gidanmu ba bayani. Zakiru ɗan fari ne, Inna Hawwa'u kuwa 'yar tsohon zamani ce, tana kunyar ɗan fari yadda ta tarar iyayenta suna yi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce yayanku, ko wancan. Ɗan maƙwabtanmu ma da aka sa wa suna Zakiru, Mai Suna take ce masa. Ba ta kallon idonsa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ranar da zai tafi Turai, ana ta rungume-rungume a ƙofar gida, ita tana can baya tana daka kamar ba ta san ana tafiya ba. Amma ni da nake kwana ina tashi da ita na san abin da na sani. Duk lokacin da motar Maraɗi ta yi oda a bakin gari, taɓaryar Inna takan tsaya a sama kafin ta sauka.

Robo ya shiga tsakar gida, kaji suka watse, akuyarmu ta gaske ta tsinke igiya. Inna tana zaune tana dama fura. Na zaci za ta firgita, amma ko ludayi ba ta saki ba. Ta dubi abin daga tayoyi zuwa wuya, ta tsallake gilashin da fuskar take ciki, ta tashi ta shiga ɗaki. Sai ga ta da sabuwar tabarma, wadda ba a shimfiɗawa sai baƙo na nesa ya zo. Ta shimfiɗa a inuwar bishiyar bedi, ta cika ƙwarya da fura da nono, ta ɗora ludayi, ta ajiye a gaban tayoyin.

"Maraba da baƙo. An sha hanya."

"Inna, ni ne. Ina wuni? Inna, ina da wata magana mai nauyi da nike so..."

Inna ta juyo wajena.

"Ramla, gaya ma baƙonku, gidanga ba a jin saƙon baƙo sai ya jiƙa maƙoshi. Haka na iske, haka za ni bari."

"Inna, ai ƙarhe ne," in ji Zakiru. "Ba shi da baki."

"To, mu jira shi samu."

Ta koma wajen damunta. Na duba gilashin, na ga injiniya guda, mai ƙera abin da zai sauka a duniyar wata, ya saki baki yana kallon ƙwaryar fura. Wallahi ban taɓa jin daɗin Inna irin na ranar ba.

Haka aka ci gaba. Kullum da hantsi Inna ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ƙwarya, ta yi wa baƙo ina kwana da ina gajiya. Da ya buɗe baki zai shiga maganar da ta kawo shi, sai ta leƙa ƙwaryar, ta ga tana nan cike, ta tashi ta kama wani aiki. Zakiru ya gwada dabaru iri-iri. Ya ɗauki kofin madara a can ɗakinsa ya sha a gabanta, ta ce wa Isufu ya tambayi baƙo ko a garinsu in maƙwabci ya sha shi ne ke ƙoshi. Ya sa na tsoma bakin tayar gaba a cikin furar, ta ce in zubar wa kaji, ta damo wata. Wanda ya ci ribar wannan rigima Isufu ne, don shi ke shanye ƙwaryar baƙo bayan tasa. Kumatunsa suka fara sheƙi.

"Allah shi sa baƙon ga shi daɗe bai yi baki ba," yake cewa yana lashe ludayi.

Labari ya bazu a unguwa. Da la'asar nakan fito da robo ƙofar gida ya sha iska, dattawa su kewaye shi a kan benci. Babban abokin gardamarsa Elhaji Mainassara ne, ƙanen marigayi Babanmu, dillalin shanu wanda bai taɓa barin magana ta kwana a bakinsa ba. Shi ya fara tambaya, in dai masu kuɗin duniya suna son sanin abin da ke sama, me ya hana su tura mutane su gano, sai ƙarafa?

"Baba Elhaji, mutum kaya ne mai nauyi," in ji Zakiru. "Can babu iska, babu ruwa, babu abinci, duk sai an ɗauka mishi. In rana ta buga, ta hi wuta, in ta kauce, sanyi shi daskarar da jini. Kuma duk wanda ka tura sai ka maido shi, don shina da uwa. Robo kau in ya tahi ya tahi. Shi yi shekaru shina aiki, ranar da ya mutu babu zaman makoki."

"Na ji. Amma ni ban taɓa sayen sa a hoto ba. Sai na dahwa tozo, na buɗe baki na ga haƙori, na kore shi na ga tahiyarshi."

"To hotunan da masu kiwo ke turo miki a salula daga Ɗan Gulbi hwa?"

"Miki? Ni kake ce ma miki, ɗan nema?"

"Ramla nike kallo, Baba, tana mini gwalo."

Aka fashe da dariya, don gaskiya ne ina yi. Elhaji ya gyara zama ya amsa cewa hoton yana rage masa wahala, da shi yake sanin garken da ya cancanci ya ƙona mai ya je. Zakiru ma ya sassauta. Ya ce aikin da robo zai yi wata guda yana lallaɓawa, mutum mai guduma a hannu zai gama shi kafin azahar, kuma mutum yakan hango abin da ba a aike shi nema ba. Ya ce su kansu a wurin aikinsu gardamar ba ta ƙare ba, wasu na cewa a tura mutane, wasu na cewa asarar dukiya ce da kasada da rai. Shi dai yana ɓangaren robo, kuma yana ganin nan gaba babu inda ƙarfe ba zai wadatar ba.

"Babu inda ba shi wadatarwa?" in ji Elhaji, yana nuna cikin gida da haɓa. "To shiga ka sha hura."

Da taro ya watse na ja robo zaure na zauna a gabansa. Raina ya fara ɓaci, don damina tana ja, shi kuma yana ta kewaye-kewaye.

"Yaya, kai da ke hango duniyar Mars, ba ka hango tsakar gidanku ba? Ba robo Inna ke ƙi ba. So take ka zo."

Dariyar nan da ba ta barin fuskarsa ta tafi.

"Ramla, tun da na tahi, ko sau guda Inna ba ta ce in zo ba. Ke in kin je Maraɗi kika kwana biyu sai ta sa a kira ki. Isuhu in ya makara gona sai ta hita ƙohwa. Ni kau... na san al'ada ce, ba yaro ne ni ba. Amma wani lokaci mutum shina so shi ji da kunnenshi. In na baro aiki na taho, ta shige bayan ɗaki tana daka, mi na yi ke nan?"

Tausayinsu ya kama ni su biyun, ita ba ta iya faɗa, shi kuma ba ya iya zuwa sai an faɗa. Na kashe robo na rufe shi da zane don ƙura.

Ana cikin haka aka yi wani ruwa mai ƙarfi. Muna da rijiya a kan hanyar Korahane, wadda Babanmu ya gina, dabbobinmu da na mutane da yawa a nan suke sha. Rijiyoyin wajenmu ba wasa ba ne, in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai wani ɗan haske can ƙasa kamar ƙwandala, kuma sa ko raƙumi ke jan igiya. Bayan ruwan nan masu ban ruwa suka zo suka ce ruwa ya gurɓace, kuma suna jin yashi na zuba daga ciki. Isufu ya ɗauko igiyoyinsa ya ce gobe da safe zai shiga ya duba.

Duk ranar da Isufu zai shiga rijiya Inna ba ta sa komai a bakinta sai ya dawo. Shi ba ɗan fari ba ne, don haka sunansa take ta kira tana jan kunne, Isuhu kaza, Isuhu kaza. Zakiru yana jin su daga kan tabarmarsa, sai ya ce:

"Isuhu, kak ka shiga. Ku sa ni cikin wasaki ku zura. Ina da hitila, ina da ido. In na ga lahiya, sannan ka bi."

Isufu ya so ya yi gardama, wai ƙarfe bai san bango ba. Inna ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran.

Da safe muka ɗora robo a amalanke. Za mu tashi sai ga Inna da mayafi, ta hau ta zauna kusa da shi.

"Baƙona ne," ta ce. "Ba ni bari a zura shi rami ban gani ba."

A bakin rijiya mun tarar da makiyaya da garkunansu suna jira, har Elhaji Mainassara ya riga mu zuwa a kan babur. Isufu ya zaunar da robo cikin wasaki, wato babbar gugar fata, ya ɗaure shi tamau, wuyansa a waje. Zakiru ya yi mana bayani cewa da ya nutsa kaɗan rezo zai yanke, ba zai iya tuƙa shi ba. Ya riga ya ba shi umarni ya riƙa juya wuya yana haskawa yana ɗaukar hoto shi kaɗai, har a jawo shi. Aka ɗaura igiya a jikin sa, aka fara saki a hankali. Fuskar Zakiru ta yi ƙasa tana mana murmushi, ta ƙanƙance, gilashin ya ɗauke. Sai ya kira ni a salulata.

"Yanzu mi kake gani?" na tambaye shi.

"Ba komi. Haka muke zama a wurin aiki, Ramla. Ka tura abu inda muryarka ba ta kai da wuri, ka naɗe hannu kana addu'a."

Igiya ta yi ta tafiya. Ana jin ƙarar kurar bakin rijiya, wadda igiyar ke bi ta kanta, da atishawar tumaki. Inna tana tsaye nesa kaɗan, leɓɓanta suna motsi. Da aka ji wasaki ya taɓa ruwa aka juya san, ya fara ja. Can sai ga baƙo ya fito, laka tun daga tayoyi har ido, yana ɗigar ruwa kamar ɗan akuyar da aka tsamo daga tabki. Makiyaya suka sa ihu, wata Bafulatana ta rangaɗa guɗa.

Muka taru a inuwar amalanke, Zakiru ya dawo kan gilashi ya buɗe hotunan. Bango lafiya, bango lafiya, sai can wajen tsakiya ya tsayar. Ɗaya daga zobban simintin da suka riƙe bangon ya tsage daga sama har ƙasa, ya karkato ciki, bayansa kuwa ruwa ya cinye ƙasar ya bar kogo. Isufu ya kai fuskarsa kusa, ya daɗe yana kallo.

"Nan nike taka ƙahwa in huta," ya ce a hankali. "Daidai nan."

Ya zauna a ƙasa daɓas. Elhaji ya cire hula ya yi salati, ya mayar, ya sake cirewa. Inna ta zo ta durƙusa a gaban robo, ta kama gefen mayafinta mai kyau, ta goge masa lakar da ke idanunsa ɗaya bayan ɗaya.

Gyaran rijiyar dai mutane suka yi shi daga baya. Isufu ya kira abokan aikinsa, suka tokare bangon da itace da ƙarfe tun daga sama, suka sauka a tsanake suka ɗaure wurin, don robo ba shi da hannun kwaɓa siminti. Elhaji ya riƙe wannan a matsayin nasararsa, Zakiru ya riƙe hotunan a matsayin tasa, har yau ba a raba su ba.

Amma ranar da muka dawo daga rijiya, da azahar, wani abu ya faru a tsakar gidanmu. Na wanke robo na ajiye shi a kan tabarmarsa, na zauna bakin madafa ina tsince shinkafa. Inna ta kawo ƙwarya ta ajiye kamar kullum, amma ba ta tashi ba. Ta zauna a gefen tabarmar, ta ba gilashin kafaɗa, tana kallon tayoyin. Koriyar fitilar tana kunne. Ni da kaina na koya mata cewa in tana kunne, yana ji.

"Baƙo," ta ce, "saƙonka ba ni jin shi, don ba ka sha ba. Amma ba a hana mai gida ba da nashi saƙo. Yau ka shiga inda ban so ɗana shi shiga, ka hito mini da shi da rai. Na gode. Duk inda ke da rami da duhu, irinku ya kamata a tura, na yarda da wanga."

Ta gyara ludayin da ke kan ƙwaryar, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Kai ba ni na haihe ka ba, ba ni jin kunyarka. Don haka ka kai ma wanda ya aiko ka. Ka ce mishi tun ranar da ya tahi ban taɓa dama hura ban sa da rabonshi ba. Isuhu ya ɗauka don shi ne ƙwaryarshi ke cika. Ka ce mishi in motar Maraɗi ta yi oda ina ji. Ka ce mishi tabarau ɗin da ya aiko ban sa ba, don ban ga abin da za ni kallo da shi ba tukuna. Ni ban iya ce mishi shi zo ba, bakina bai saba ba. Kai ka ce mishi."

Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta wuce bayan ɗaki. Jim kaɗan na ji taɓarya. Na leƙa gilashin, babu fuskar Zakiru, sai silin ɗakinsa, da ƙarar mutum yana fyace hanci. Ni ma shinkafar da nake tsincewa ta koma mini dishi-dishi, na yi kuka na more.

An fara yankan gero ya iso. Bai gaya wa kowa rana ba sai ni, ni kuma ban gaya wa kowa ba sai Isufu da Elhaji da matan unguwa. Motar Maraɗi ta yi oda a bakin gari, taɓaryar Inna ta tsaya a sama, wannan karon ba ta sauka ba, don ta ga na yafa mayafi ina dariya. Da muka shigo da shi unguwa ta ɗauki guɗa. Ya yi fari, ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gefen kunne, gumi kuwa kamar an watsa masa ruwa. Elhaji ya dafa kafaɗarsa, ya juya shi, ya ce a kore shi ya ga tafiyarsa.

Inna ba ta tsakar gida. Tabarmar baƙi tana shimfiɗe a inuwar bedi, robo yana gefe guda, an bar wuri a ɗaya gefen. Zakiru ya cire takalmi ya zauna, yana ta kallon ƙofar ɗaki. Sai ga ta ta fito da ƙwarya a hannu biyu, furar sabon gero da kindirmo, a fuskarta kuma tabarau, ta sa shi a ɗan karkace. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa, ta koma gefe ta zauna ta ba shi kafaɗa.

"Maraba da baƙo. An sha hanya."

Zakiru bai taɓa ludayi ba. Ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ya kafa kai. Tsakar gida ta yi tsit, kana jin haɗiyarsa. Inna tana kallon katanga, amma ni ina ganin idonta ta gefen tabarau, yana bin maƙogwaronsa sama da ƙasa. Bai sauke ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Ya ajiye yana haki, gashin bakinsa fari fat da nono.

"Shi ke nan, tawa ta ƙare," in ji Isufu, aka yi dariya.

Zakiru ya durƙusa ya faɗi saƙonsa tun daga farko: aikin, da duniyar wata, da shekarun da zai ɗauka, da albarkar da ya zo nema. Inna ta saurara har ya gama. Sannan ta juya, ba wajensa ba, wajen robo. Robon kuwa a kashe yake, gilashinsa baƙi ƙirin, don mai tuƙa shi yana zaune a kan tabarma, kuma kowa a gidan ya san haka.

"Baƙo, ka ce mishi na ji. Ka ce mishi shi je shi yi aikinshi, Allah shi yi albarka, Allah shi sa a gama lahiya. Shi tura 'yan'uwanka su duba hanya, in ta yi kyau mutum shi bi baya, kamar yadda ya yi nan. Amma ka ce mishi gero shekara-shekara ake yankan shi."

Zakiru ya share ido da bayan hannu. Shi ma ya juya ya fuskanci robon, ya russuna masa kamar wani dattijo.

"Ka ce ma Inna na gode. Ka ce mata duk kaka ina nan tahe, da ƙahwata. Ka ce mata kuma... hurar ta yi daɗi."

"Ka ce mishi na sani," in ji Inna.

Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwaryar, ta gyara tabarau ta leƙa cikinta, ta ga ko ɗigo bai rage ba. Sai ta tashi da sauri kamar yarinya, ta shiga ɗaki ta ƙaro masa.